Warin Ƙafar Jelmol

Taku ashirin ne tsakanina da ƙanena Jelmol, kuma daga inda nake zaune na ji ƙafarsa ta juya.

Tun ina budurwa nake ba shi wannan tazarar. Mace da ɗan'uwanta namiji ba sa zama kusa da juna, don kada warin jikinsu ya gauraya, Karei mai tsawa ya shaƙa daga sama ya fusata. Haka muka taso, kamar yadda muka taso ba ma gasa biri da kifi a wuta ɗaya. Shekara talatin da wani abu ko gefen tabarmarsa ban taɓa ba. To amma hanci ba ruwansa da tazara, musamman idan iska ta taso daga tafki ta bi ta ƙofar bukkarsa ta iso tawa.

Tsinin gora ne ya soke shi a sharaɓa yana duba tarko. Ɗan rami ne, ko ƙaramin yatsa ba zai shiga ba. Kwana biyun farko ciwon pe'ih yake, wato ƙarnin jini mai rai, irin na kifin da aka fasa yanzun nan. Wannan bai dame ni ba, duk sabon rauni haka yake. A rana ta uku ƙarnin ya fara ja da baya, wani abu ya biyo ta ƙarƙashinsa. Ha'et ne, ɗoyin naman da ya mutu. Ɗan kaɗan ne, amma na san shi. Shi ne warin birin da aka harba aka rasa inda ya faɗa, sai bayan kwana biyu a same shi gashinsa lafiya lau, ciki ya gama lalacewa.

A ranar jirgin ruwan masu magani ya zo ƙauyenmu, kamar yadda yake zuwa sau ɗaya a wata. Maza duk sun shiga daji ɗibar zuma, sai tsofaffi da mata da Jelmol, wanda ya fi su duka iya hawa bishiya, yana zaune yana cizon yatsa. Mai duba marasa lafiyar wani saurayi ne cikin Gob, mutanen gari, da farar riga da takunkumi ya rufe masa hanci da baki. Ya leƙa ƙafar, ya goga mata jan magani, ya ba da ƙwayoyi a leda.

Na tsaya a tazarata na ce masa da harshensu, "Yaro, ƙafar nan ta juya."

"Iya, ciwon ya rufe, ko ruwa ba ya yi."

"Daga waje ya rufe. Ciki ha'et yake."

"Ciki mene ne?"

Na sake faɗa a hankali, yadda ake faɗa wa jariri. Ya dubi abokin aikinsa, na ga idanunsa suna dariya a saman takunkumin.

"Wari kike nufi? Iya, ai duk ƙauyen nan wari yake. A riƙa wanka da sabulu."

Raina ya ɓaci. Na san harshen Gob ba matalauci ba ne, na sha jin tsofaffin mata masu kifi a kasuwarsu suna rarrabe ƙarni da zarni da ƙauri. Amma wannan yaron kalma ɗaya tak ya ɗauko daga gidansu, ita yake shafa wa hayaƙi da kifi da mu. Mu kuwa idan ka ce abu ha'et ne, daidai yake da ka ce ja ne ko baƙi ne. Jikata mai shekara huɗu ta san man jirgi da kashin jemage da hayaƙi duk cenges suke, wato wari mai hawa kai, ta san ɗan itacen durian da furen daji da sabulunsa da yake taƙama da shi duk letpit suke, wato ƙamshi. Ban taɓa zaton akwai baligi mai hanci a fuska da za a gaya wa haka ya nemi shaida ba. Jirgin ya tafi ina tsaye baki buɗe.

Washegari Jelmol ya naɗe ƙafar da ganyen cittar daji, ya zauna a bakin wuta yana turara ta. Ni zai yi wa wayo? Na zauna a kan kututturen da nake zama idan zan yi masa magana.

"Ka ɗora letpit a kan ha'et, kana tsammanin sun zama ɗaya?"

"Yaya Kasai, ki bar hancinki ya huta mana. Tun muna yara yake aiki ba hutu."

"Kai ma kana ji. Kada ka raina mini hankali."

Ya tura itace a wuta, bai dube ni ba. "Ina ji."

"To tashi Kawu Penhai ya kai ka gari."

"Senai ma garin aka kai ta."

Senai matarsa ce. Ta tafi babban asibiti haihuwa shekara shida da suka wuce, daga ita har jaririn ba wanda ya dawo. Ni ma ina ƙaunarta.

Ya ce, "Kin san abin da suke yi wa ƙafa irin wannan. Yankewa suke yi. Ni da kike gani, idan ban hau bishiya ba, mene ne ni? Gara a binne ni da ƙafa biyu."

"Sai ka hau da su a ƙarƙashin ƙasa, ko? Sakarai."

"Na ji, sakaran ne. Ƙafata ce dai."

Nan ne gizo yake saƙar, domin a wajenmu ba mai tilasta wa wani. Ko yaro ya ce ba ya so, an gama magana. Duk matan ƙauyen sun ji abin da na ji, ai ba ni kaɗai ke da hanci ba. Sai dai su wuce ta ƙofarsa su kawar da kai, su ajiye masa dafaffen rogo. Goggo Lawai, ƙanwar mahaifinmu, ta ƙara masa ganye ta yi masa waƙar magani. Da na yi mata magana cewa ta yi, "Ke Kasai, shi ya faɗi abin da yake so. Ke wace ce?"

Ni wace ce? Ni ce na goya shi lokacin da uwarmu take haƙar doya. Na san ƙamshin tsakar kansa tun bai yi haƙori ba.

Da safiyar kwana na biyar ban buƙaci iska ba, warin ne ya tashe ni. Na leƙa daga nesa na gan shi kwance, jiki na karkarwa, yana kiran Senai ta miƙo masa igiya. Ƙafar ta kumbura sumul tana sheƙi, bakin ramin a rufe kamar ba komai. Na je wajen Kawu Penhai, yana fitowa daga kamun kifi ke nan, na ce kada ya kashe injin kwalekwalensa. Kawu tsoho ne, hannunsa ɗaya ya shanye, tuƙi kawai yake iyawa. Na dubi matan da ke tsaye, na ce wa za ta ɗauko shi? Kowacce ta dubi ƙasa.

Sai na taka taku ashirin ɗin nan da kaina.

Ban san za su yi mini nauyi haka ba. A taku na sha biyar na ji Goggo ta ce, "Kasai, kina hauka ne?" Na sunkuya na shiga bukkar, na kama hannuwansa na ɗora a kafaɗuna, na saɓa shi a baya. Jikinsa kamar garwashi. Guminsa ya jiƙa mini wuya, nawa ya jiƙa masa ƙirji, babu sauran wani nasa da nawa.

Goggo ta biyo mu har bakin ruwa tana tafa hannu. "Kin gauraya. Kin gauraya a gaban kowa, da rana tsaka. Za ki jawo mana ƙasa ta tsage, da yara a ƙauye."

"Goggo, matsa ki ba ni hanya, nauyi gare shi."

"Ya ce ba ya so."

"Yanzu Senai yake kira. Idan ya dawo hayyacinsa ya zage ni, ina da kunne."

Na kwantar da shi a cikin kwalekwalen tsakanin kifin da Kawu ya kamo da gwangwanin ruɓaɓɓen kifin da yake zuba wa tarkonsa. Na zauna na ɗora kansa a cinyata, don in ban riƙe shi ba mirginawa zai yi. Kawu ya ja jiki can ƙarshen jirgin ya juya fuskarsa.

Tafiyar awa biyu ce zuwa bakin titi. Ba mu yi rabi ba sama ta haɗe ta gabas. Na ji ruwan a hanci tun kafin in ga hadarin, sannan Karei ya yi gyaran murya a bayan duwatsu. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba, har fitsari ya matse ni. Iska ta taso, tafki ya fara dukan cikin jirgi, matattun itatuwan da ruwa ya shanye suna tsaye ko'ina suna jiran mu kauce hanya. Tsawa ta biyu a kanmu ta fashe.

Kawu ya rage wutar inji. "'Yar nan, sake shi. Ki matsa can, ki biya, mu juya."

"Tuƙa, Kawu."

"Ina da jikoki."

"Ni ma ina da su. Tuƙa."

Kowa ya san yadda ake biya. Ka daina laifin tukuna, ka tsaga ƙwaurinka, ka gauraya jinin da ruwa, ka watsa sama ka ce ka tuba. Na zaro wuƙar gora daga ɗamarata na tsaga ƙwauri da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kan Jelmol. Na tara jinin a gwangwanin kwarfar ruwa na watsa sama iya ƙarfina.

Na ce, "Ga naka, Karei, karɓi. Amma ba zan sake shi ba. Kana da hanci, ka fi kowa hanci, tun daga sama kake jin biri da kifi a wuta ɗaya. Kwana uku ƙafar nan tana ha'et ba ka yi tari ba. Sai da na ɗauke shi za ka buɗe baki? Ka shaƙa da kyau. Ni ce Kasai, shi ne Jelmol, ciki ɗaya muka fito, a can ma a gauraye muke. Idan duka za ka yi, ga ni nan a fili."

Kawu ya toshe kunne da hannunsa mai lafiya, jirgi ya kusa cin karo da kututture, na daka masa tsawa ya kama sitiyari. Karei bai yi shiru ba, kada wani ya ce na ce ya ji tsorona. Ya yi ta ruri a kanmu har bakin gaɓa, ruwa na zuba ina kwarfewa da hannu ɗaya. Bai dai doke mu ba.

Ƙaramin asibitin yana saman gangare, kusa da inda jirage ke tsayawa. Na sake saɓa Jelmol na hau da shi, Kawu na biye da mu. Mutane na zaune a benci, suka buɗa mana hanya suna toshe hanci da gefen mayafi. Wa zan tarar a teburin in ba yaron nan mai takunkumi ba.

Ya sa ma'aunin zafi, ya taɓa ƙafar da yatsa ɗaya a cikin safar roba. "Zazzaɓi ne da kumburi. Bai sha maganin daidai ba ne. Zan yi masa allura, ku koma gida, ku dawo jibi."

"Babban asibiti za ka tura shi. Yau."

"Iya, motar kai marasa lafiya ɗaya ce, ta masu matsananciyar larura ce. Ciwon nan ko buɗewa bai yi ba."

Na dube shi, na dubi takardar da yake rubutu a kai, na tabbata babu gurbin hanci a cikinta. Sai na ce wa Kawu ya tsaya da Jelmol. Na sauka gangaren nan a guje cikin ruwa, da jini a ƙwauri, na ɗauko kifi ɗaya cikin na safe da ɗaya daga gwangwanin tarko, kowanne a ganyensa. Na dawo na shimfiɗa su a kan teburinsa, a kan takardar.

Ya miƙe tsaye. "Wannan wane irin rashin hankali ne? Kwashe."

"Zauna, makaranta za ka shiga. Cire ƙyallen nan."

"Zan kira mai gadi."

"Kira shi, shi ma ya koya. Na yi faɗa da tsawa a hanya, ba mai gadi zai kore ni ba."

Na fasa cikin sabon kifin da farce. "Wannan pe'ih ne. Jini ne mai rai. Haka ƙafar take kwana biyun farko." Na buɗe ɗaya ganyen, wata mata a benci ta tashi ta fita. "Wannan ha'et ne. Ya mutu. Yanzu ka sa hancinka a ƙafar ƙanena ka gaya mini wanne ka ji. Idan ka ce na farko ne, zan goya shi in tafi, ba za ka sake ganina ba."

Wata tsohuwa mai shara ta jingina tsintsiyarta ta ce masa da harshensu, a hankali, "Malam, ka shinshina mana. Ni tun shigowarsu na ji."

Ban san ko kunyar tsohuwar ce ko tsorona ba. Ya ja takunkumin ƙasa. Ashe yaro ne sosai, ko gemu bai tsayar ba. Ya sunkuya a kan ƙafar, ya ja numfashi ɗaya, ya ɗago da sauri yana haɗiyar yawu. Ya sa manyan yatsunsa biyu ya danna gefen ramin da ƙarfi. Bakin ya ɓalle, wani ruwa baƙi-baƙi ya tsarto har kan farar rigarsa, ɗakin ya cika. Daga nan bai ƙara yi mini gardama ba, waya ya ɗauka ya kira motar.

Muna jiran motar ya zo ya tsaya kusa da ni, ya kasa haɗa ido. "Iya, yaya kika ce sunansa?"

"Ha'et."

Ya faɗa a karkace. Na sa shi ya maimaita sau uku har ya kama. Ban ce masa ya yi ƙoƙari ba, don bai kai nan ba.

A babban asibiti suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likitar ta ce da an ƙara kwana ɗaya ba maganar ƙafa za a yi ba, ta rai ce. Yaron nan kuma da ya ji ni ranar da jirginsu ya zo, da wataƙila ba a yanke komai ba. Wannan maganar ina ɗauke da ita har yau, kuma ban yafe ba.

Na koma ƙauye na tarar iskar ranar ta kayar da bishiya a kan bukkar Goggo Lawai. Ba wanda ya ji ciwo, amma ba sai an gaya mini laifin wa ba ne. Ni na saro gora na sake kafa mata ita, tana zaune a gefe tana lissafa mini rashin kunyata tun daga yarinta. Mata suka daina aiko yara ɗibar wuta a murhuna. Oho. Na dafa rogona na ci.

Bayan sati biyar aka dawo da Jelmol da sanduna biyu. Mazan sun dawo da zuma tuni, suka fito tarbarsa suna kawar da ido daga inda ƙafar take a da. Na tsaya a tazarata. Ya dube ni sau ɗaya, ido cikin ido, ya ce, "Na ce miki ƙafata ce."

Na ce, "Ka faɗa. Na ji ka kuma."

Ya shige bukka. Daga ranar bai sake yi mini magana ba, ko gaisuwa. Abin ya yi mini zafi, na yi kuka a gonar rogo inda ba mai gani. Amma da za a mayar da ni bakin ƙofar nan, zan sake ɗaukarsa, ko da Karei na tsaye a kan rufin.

A kwana na uku da dawowarsa na fito da safe na ga ya ja tabarmarsa daga inda ya saba zama. Ya kai ta ɓangaren tafki, inda iska ke bi ta kansa kafin ta iso kututturena. Ya zauna ya juya mini baya, ya kwance ƙyallen dungun ƙafar a hankali, ya bar shi a buɗe. Na zauna na ja numfashi.

Na ce wa kajin da ke gabana, da ƙarfi, "Pe'ih ne kawai, da warin maganin asibiti."

Ya mayar da ƙyallen ya ɗaure. Washegari ma haka, da wanshekare. Kullum ya fito ya zauna a saman iska ya kwance, kullum in gaya wa kaji abin da na ji. Ƙarnin ya yi ta raguwa, warin asibitin ya bi shi.

Yau da safe na shaƙa har sau biyu. Hayaƙi na ji, da taba, da kifin da ya gasa, da ɗanyar gorar da yake feƙe kibiyoyi da ita, don yanzu shi ke yi wa duk ƙauyen. A ƙarƙashinsu kuma akwai ƙamshin jikinsa, wanda na sani tun ina goya shi.

Na ce, "Babu komai. Kai kaɗai ne."

Ya ajiye gorar da ke hannunsa. Sannan ya ce, bai juyo ba, "Yaya, hancin nan naki shi zai kashe ki."

"Kai dai bai kashe ka ba."

Ya naɗe ƙyallen ya jefa a wuta. Ƙaurin ya biyo iska ya tako taku ashirin ɗin ya same ni, na zauna ina shaƙa har ya ƙare.